Fuskar Umma Kafin Alhamis

Litinin, 3 ga Maris

Likita ya sa ranar aikin idon Baba, Alhamis ta sama. Na hagu ya riga ya tafi, na daman ake so a ceto. Bai ɓoye mana komai ba: ko a samu sauƙi, ko a rasa ɗan abin da ya rage. A mota, da muka kusa gida, Baba ya ce, "Ina so in ga uwarku kafin a rufe min ido. Babban hoto, wanda zan gani daga kujerata." Na ce ai wannan ba wani aiki ba ne, gobe ma ya samu. Bakin nan nawa, kullum sai ya riga hankalina fita.

Talata, 4 ga Maris

Umma, Allah ya jiƙan ta, ba ta son hoto. Da ka ɗaga waya sai ta ja mayafi ta ce me za a yi da fuskar tsohuwa. Guda ɗaya tak muke da shi da take kallon gaba tana dariya, na ranar da Auta ta gama makaranta. Shi na kai shagon wankin hoto na kusa da kantin magani.

Mai shagon ya buɗe shi a kwamfuta, ya sosa gemu. "Malama, wannan ai ya sha hannu. Turo shi aka yi ta yi ko?" Wai kowane hoto ɗigo-ɗigo ne ƙanana aka jera, kuma in ana so ya fita tas a takarda sai an samu kamar ɗigo ɗari uku a kowane inci. Nawa, iyakar abin da zai ɗauka girman kwalin ashana. Na ce ni girman taga nake so. Bai yi musu ba, ya ja hoton ya cika fuskar kwamfutar. Idon Umma ya koma ƙananan murabba'ai kamar tayil ɗin banɗaki. Sai da na kau da kai.

Ya ce in nemo na asali, wanda ya fito daga wayar da ta ɗauka, kuma a turo shi a matsayin fayil, don manhajar hira matse hoto take yi. Na ce to.

Laraba, 5 ga Maris

Na yi cigiya a gurup ɗin dangi. Kowa ya turo, kuma duk abu ɗaya ne: wanda ranar rasuwar Umma, Auta ta yanko ta daga cikin hoton taron makarantar, ta zagaye ta da furanni. Ashe tun ranar kowa ya adana wannan ya goge na taron. Har ni. Gwaggo kuwa hoton fuskar wayarta ta ɗauko min, ga alamar batir a sama saura kiris ya mutu, ta haɗa da saƙon murya wai in gaida Baba.

Alhamis, 6 ga Maris

Yaya ne ya ɗauki hoton, don haka na same shi a wurin aikinsa. Da farko ya ce tsohuwar wayar ce ta lalace. Da na tsare shi da ido sai ya ce waya ta cika, ya share, "tunda akwai shi a gurup." Akwai shi a gurup. Na so in faɗa masa magana, amma ga abokan aikinsa suna kallo, sai na ce Allah ya kyauta na juyo. A hanya na tuna ni ma dalilin da ya sa na goge nawa kenan, sai haushin ya rasa inda zai sauka.

Juma'a, 7 ga Maris

Baba ya tambaya. Na ce ana kan aiki.

Asabar, 8 ga Maris

Auta ta shigo ɗakina da murna, wai ta samo manhajar da ke gyara tsofaffin hotuna. Ta saka na Umma, muka jira yana juyawa. Da ya fito sai da na dafe ƙirji. Ido tar, gashin gira ɗaya bayan ɗaya, har zaren mayafin ana gani. Na yi kuka, ita ma ta yi.

Muka garzaya shago. Mutumin ya duba ya ce yanzu kam ɗigo ya isa har ya yi yawa. Sai ya ƙara da cewa, "Sai dai injin bai san ta ba fa. Inda ya ga babu, cikawa yake da abin da yake zato." Na ce masa uwata ce, na fi shi sanin fuskarta, ya wanke kawai. Ya ɗaga kafaɗa. Jibi za a karɓa da firem.

Litinin, 10 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Mun kawo shi a naɗe. Auta ta kama gefe, na kama gefe, muka tsaya gaban kujerar Baba muka yaye takardar. Ya daɗe yana kallo. Ya ce mu matso. Ya ɗauko gilashin nan mai hannu da yake karatu da shi, ya bi fuskar a hankali tun daga goshi, hancinsa kamar zai taɓa firem ɗin.

"Wace ce wannan?"

Auta ta yi 'yar dariya ta ce, "Baba, Umma ce mana."

"Ina wushiryarta? Ina tabon da mai ya fallatsar mata a nan?" Ya taɓa gefen haɓarsa. Na duba. Haƙora a jere reras, babu ko tsaga. Haɓa sumul.

Ya ajiye gilashin ya jingina. "Kyakkyawa ce, ba laifi. Ku mayar wa masu ita."

Ko faɗa bai yi ba, da ma ya yi. Auta ta shige ɗaki ta banko ƙofa. Ni kuma na tura hoton bayan kabad, fuskarsa na kallon bango.

Talata, 11 ga Maris

Saura jibi.

Abin da ke cina ba maganar Baba ba ce. Tun Asabar hoton nan yake wayata, na kalle shi ya fi a ƙirga, na yi masa kuka, ban ga babu wushirya ba. Mutum mai rabin ido ya gani, ni mai biyu ban gani ba. Yau a wurin aiki na rufe ido na ce bari in kawo fuskarta, sai ta manhajar ke zuwa. Hannayenta ina tunawa, da yadda take kiran sunana in na bar murfin tukunya a ƙasa. Fuskar ce ta ƙi. Tsoro nake ji, kuma ba wanda zan iya gaya wa.

Auta ba ta yi min magana yau ba. Ni ma ban neme ta ba, alhali ba laifinta ba ne.

Laraba, 12 ga Maris

Tun kafin mai hoton ya buɗe shago ina bakin ƙofa. Na zaci zai ce ai ya faɗa min. Bai ce ba, ya dai tura min kujera. Ya ce game da wancan hoton na farko, hanya biyu ce: ƙarami mai kaifi, ko babba mai dishi-dishi. Zai iya yanke furannin, ya lallashe murabba'an su narke cikin juna ba tare da ya ƙara mata komai ba, ya sa takarda marar sheƙi. "Daga ina za a riƙa kallonsa?" Na ce daga wancan ƙarshen falo. Ya ce to da sauƙi, babban hoto ba a sa masa hanci, nisa ne ke haɗa ɗigon.

Ya fara fitar da ɗan yanki na gwaji, bakinta kawai. A hannuna ba baki ba ne, wani dabbare-dabbare ne mai duhu a tsakiya. Na kusa cewa a fasa. Na ce ya wanke.

Na ɗauko shi da la'asar, fuskar a jikina don kar mutane su gani a hanya. Kunya nake ji, kamar na kawo wa Baba ragowar abin da muka lalata. Yaya ya zo ya buga ƙusa, ba mu kalli juna ba. Auta ta fito ta tsaya a bayan kujera.

Baba ko gilashi bai nema ba. Ya ɗaga kai kawai.

"Yauwa. Ga ta nan, tana yi wa wani dariya."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, bai fita sosai ba."

"Bai fita ba?" Ya juyo wajen da muryata take. "Ai haka nake ganinku duka tun bara, kuma ban taɓa ɓatar da ko ɗayanku ba."

Na ce bari in duba abin da na ɗora a wuta. Ban ɗora komai ba.

Alhamis, 13 ga Maris

An yi. Yana hutawa, ido a naɗe. Likita ya ce sai an kwance za a sani.

Asabar, 15 ga Maris

Mun dawo gida. Baba ba ya ganin komai tukuna, amma ya sa an ɗan juya masa kujera ta fuskanci bangon, kuma ya san in an karkata ta.

Na goge na manhajar daga wayata. Waje yake ci, shi ke nan.

Da safe na fito daga kicin da shayinsa, na tsaya a bakin ƙofa. Daga nan wushiryar tana fita sarai, har da tabon in ka san inda yake. Na ji kaina na ce, "Umma, ina kwana." Baba ya ce da wa nake magana, na ce da Auta. Auta tana banɗaki, kuma na san ya ji ƙarar ruwan.

Ya miƙo hannu kawai. Na daɗe a wurin har shayin ya fara hucewa.