Kwalbar da Zan Ɗora a Tebur

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, da Inna da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni ma lafiya, sai gajiya da ta zame min riga.

Na ji wai ƙannenmu Mai Gawayi suke kirana. Ka ce musu sun faɗi rabin gaskiya. Baƙin danƙon itacen da masana'antar takarda ke zubarwa, liginin, shi nake gasawa a tanderu ba tare da iska ba, har ya koma girafin, wani abu da ya fi ɓawon albasa sirantaka, ana son yin batir da shi.

Makon jiya robar bakin tanderun ta tsage, iska ta shiga, aikin wata da watanni ya zama toka. Abin da ya tsira bai cika cokali ba. Ga masu zuba jari suna tafe. Shugabanmu ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya ce in zuba girafin na kasuwa, wanda aka yi da ma'adini, a kwalbar da za mu nuna musu. Wai abin da za mu yi gobe ne za mu nuna yau. Ba mugu ba ne, Yaya. Shi ya tsaya min na sami izinin zama a ƙasar nan, kuma abincin mutane da yawa na wuyansa. Amma ni za a sa in ɗaga kwalbar in ce aikin hannuna ne. In na ƙi, kwangilata ta tafi, izinin ya bi ta.

Kada Inna ta ji.

Ƙaninka.

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, na ga shawararka cewa baƙo ba ya ja da mai masaukinsa. Na gode. Ban bi ba.

Tawa kwalbar na ɗora a tebur, na faɗa wa masu zuba jarin abin da ya sami tanderun. Wani cikinsu ya girgiza ta, ya tambaya ko shi ke nan. Na ce, "Shi ke nan, amma namu ne." Suka sha shayi, suka tafi. Shugaba bai yi min faɗa ba. Da ya yi, da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ya yi in miƙa makulli ƙarshen wata.

Kafin nan dai tanderun a hannuna yake. Na sa sabuwar roba, na sake cika shi, yanzu haka yana ɗaukar zafi. Kada ka share min ɗaki tukuna.

A gaida Inna da yara.

Naka har kullum,
Ƙaninka.