Saƙon Juma'a Daga Na'urar Yaya Mati

Dakar, 14 ga Mayu, 2007

Zuwa ga ƙanena Ousmane,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Saratou da yaran. Allah ya ƙara wa Inna lafiya da tsawon rai, ya jiƙan Baba da Yaya Mati, ya kai haske kabarinsu. Na ji an ɗauke ka sakatare a ma'aikatar magajin garin Dogarawa. Allah ya sanya albarka, ya tsare ka da sharrin masu zuwa buro da murmushi. Ni nan lafiya lau, sai gajiya da ciwon wuya, irin na wanda ya wuni yana kallon allo.

Ka yi mini tambaya biyu. Ka ce in gaya maka da me nake aiki, tunda za a damƙa maka rajistar haihuwa. Sannan ka nemi izinina a goge duk abin da ke cikin ordinatar Yaya Mati, wato kwamfutarsa, domin ka yi aiki da ita.

Ta farkon ba wuya. Kada masu shago su ruɗe ka da ƙyalli. Na'urata ta hannu tsohuwa ce, baƙa, mai nauyi, amma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ina rubuta manhajar kamfanin motocin da nake yi wa aiki a kan baƙin allo, ba hoto ba ado, haruffa kawai. Ina da kile guda biyu, ƴan ma'ajiyar nan da ake soka wa na'ura, kuma duk yamma nakan kwafe aikina a cikinsu. Ka yi haka, ka kuma nemi batirin da ke riƙe wuta, don ka san halin lantarkinmu. Sai littafi da biro, su ne ba su taɓa mutuwa a hannuna ba. Abin da na fi so kuwa shi ne kilabiye, allon haruffan da Yaya Mati ya cire daga shagonsa na buga takardu ya ba ni ranar da zan taho. Yatsunsa sun cinye rabin haruffan, akwai jan goro a gefensa har yau. Abokan aikina na cewa in kai shi gidan tarihi. Ni kuwa hannuna bai san wani ba.

Ta biyun ce ta hana ni amsa da wuri. Ousmane, ranar Talatar da ka kai na'urar nan siber ta Konni, shagon intanet, aka jona ta don a gwada, ka san abin da ya faru a nan? Na shigo buro da safe, na ajiye kofi, na buɗe akwatin saƙonni. Sai ga sunan Mati tun daga saman allo har ƙasa. Saƙo ɗari da goma sha biyu, duk magana ɗaya: yau Juma'a, ka kira Inna. Na tashi tsaye ban san na tashi ba. Wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce mata e.

Ba aljani ba ne, kada ka je ka faɗa wa Kawu Munkaila ya tara malamai. Ni na rubuta abin da hannuna kafin in bar Konni. Yaya Mati ya ce kaina kwando ne, in na shiga birni zan manta da uwata, don haka in haɗa masa abin da zai riƙa tsikarata ko yana barci. Muka yi ta dariya. Saboda ɗauke wuta, na tsara shi yadda in na'urar ta wuce Juma'a a kashe, za ta ƙirga abin da ya wuce ta aiko da shi. Da na yi hankali da guda ɗaya za ta aiko. Kuskurena ne. Shekara biyu da wani abu tana lulluɓe da zane a ɗakin Inna, da kuka kunna ta sai ta sauke duk abin da ta riƙe. Na san kowane layi na abin nan. Duk da haka tun ranar, in na ɗora hannu a kan kilabiyen sai in ji kamar yanzu wani ya tashi daga kansa.

Ka san rabona da kiran Inna tun lokacin rasuwar. Na daɗe ina ɗora muku laifi. Da babur ɗin Yaya Mati ya kife a hanyar Malbaza, Kawu ya bugo ya ce mini jikin Mati ya yi tsanani, in taho. Bai ce ya rasu ba. Sai bayan kwana tara na ji daga bakin wani direba a tasha, yana yi mini ta'aziyya. Na kira Inna na ce mata sun binne mini ɗan'uwa kamar ni ma na mutu. Sai ta miƙa maka wayar.

Amma bari in faɗi gaskiya, tunda ba wanda ya faɗe ta. A gidanmu na girma. Na san ba a jefa wa na nesa labarin mutuwa a waya, na san abin da ake nufi in babba ya ce jiki ya yi tsanani, taho. Na gane a lokacin. Muna da aikin da za mu miƙa a makon, sai na ce wa Kawu zan zo ƙarshen wata, na koma na zauna na ci gaba da bugawa a kan haruffan Mati. Ba ku ɓoye mini komai ba. Ni na ƙi ji, sannan na huce a kan tsohuwar da ta rasa ɗa.

To ga amsata. Ka goge na'urar. Yaran Dogarawa na bukatar takardun haihuwa, kuma Yaya Mati bai taɓa son ganin kayan aiki a lulluɓe ba. Ka fara kwafe hotunan da ke ciki ka kai wa Sahiya, na mijinta ne, ƴaƴansa za su so gani. Abin tunin nan kuwa kada ka kwafe shi, ya gama aikinsa.

Abu ɗaya nake roƙo. Juma'a mai zuwa ka shigo Konni, in an sauko daga masallaci ka je gida da salularka, ka tabbata ta cika da wuta. Zan kira ƙarfe uku. Kada ka faɗa mata tun da wuri, kada ta wuni tana shirya abin da za ta ce, ko abin da ba za ta ce ba. In ta ƙi karɓa tana da gaskiya, kada ka matsa mata. Ka dai ajiye wayar a kan tabarma kusa da ita, ka fita waje. Ni zan yi maganar.

Ka gaishe mini da Saratou, da Sahiya da marayunmu, da ƴar'uwarmu Aïssata in ta zo daga Bazaga. Ka gai da Kawu Munkaila, ka ce masa na ji saƙonsa tun wancan lokacin. Inna kuwa kada ka gaishe ta a madadina wannan karon.

Naka, yayanka,
Alkasum