A Bar Mu Mu Ƙirga Fakara da Zomo a Ƙafa

Zuwa ga Mudir, Shugaban Sashen Ƙidayar Namun Daji na kamfaninmu, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya mahaifiyarka. Da Hausa na rubuto maka, ba da Larabcin ofis ba, domin da ita ka tarbe ni ranar da na fara shiga ofishinka da sabuwar iƙama, wato takardar izinin zama, a aljihu. Ka gaya mini a unguwar Hindawiyya ta nan Jidda aka haife ka, kakanka kuwa a ƙafa ya zo daga ƙasar Katsina. Na fito da maganar fili ne saboda sau biyu ina ba sakatarenka takarda ban ji amsa ba.

Sunana Yusha'u, mutumin Gashuwa, mazaunin unguwar Waziriyya. Shekara bakwai ke nan ina cikin masu fita ƙidaya. Duk shekara idan sanyi ya shigo, mukan je wani kwari da ke kudu da gari mu ƙirga zomon daji da fakarar sahara, wadda Larabawa ke kira ƙaɗa. Bayan sallar asuba muke kama hanya, a ƙafa, hanyar da muka bi bara ita za mu bi bana. Muna duba sawun zomo da kashinsa da makwancinsa a gindin ƙaya. Idan hantsi ya ɗaga sai mu laɓe kusa da wani ɗan tafki mu jira fakara ta sauko shan ruwa. Abin da muka gani mu rubuta, wanda ba mu gani ba ma mu rubuta cewa ba mu gani ba.

Ga abin da ya dame ni.

Na ɗaya, sanarwar da aka liƙa mana bana ta ce daga yanzu a mota za a riƙa ƙidaya, kuma an ɗage ta zuwa bayan fitar sanyi. Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa amfanin aikin nan shi ne a auna bana da bara. Wanda ya auna hatsinsa da tiya bara, bana ya auna da kwano, ba zai san ko rumbunsa ya ƙaru ko ya ragu ba. Zomo kan ji ƙarar mota tun daga nesa ya lafe. Sawunsa kuwa ba a ganinsa ta gilashi. Idan aka yi haka takarda za ta nuna zomo ya ƙare a kwarin, alhali yana nan. Kuma kowa ya san abin da kan faru da filin da aka ce babu komai a cikinsa: manyan motoci ne za su fara juye ɓaraguzan gini a wurin.

Na biyu, maganar Baba Haruna, kuma ita ta fi ci mini rai. Sanarwar ta ce sai mai takardar shaidar karatu ne zai fita ƙidaya. Baba Haruna ba shi da ita. Dattijo ne da ya taso yana kiwon raƙuman Larabawa a waɗannan kwaruruwan, kamfaninmu ne kafilinsa, wato mai tsaya masa kan izinin zama, tun kafin in zo, iƙamarsa kuma lafiya lau take. Ni mai takardar, shi ya koya mini aikin. A fitata ta farko na durƙusa ina rubuta sawun zomo uku, ya tsaya a kaina ya ce, "Ya waladi, ɗana, zomo ɗaya ne. Ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya. Dubi ƙafarsa ta baya, yana ɗingishi." Na duba, haka ne. Shi ne kuma ya nuna mini yadda namijin fakara kan tsoma ƙirjinsa cikin ruwa, gashin ya jiƙe, ya tashi ya kai wa 'ya'yansa can cikin rairayi su sha. Na karanta wannan a littafi tun ina makaranta, amma sai da ya dafa kafaɗata ya ce in yi shiru in kalla na gani da idona.

Da aka rushe unguwar Karantina, inda ya shekara da shekaru, sai ya koma wajen 'yarsa a can ƙarshen gari, inda motar kamfani ba ta zuwa. Bai fasa fita ko sau ɗaya ba. Ni nake bi in ɗauko shi. Shekarar ce kuma aka yi fari, tafkin ya ƙafe, muka yi kwanaki muna zama babu tsuntsu ko ɗaya. Na karaya, na ce masa wannan aikin banza ne. Ya ce, "Rubuta babu. Ranar da suka dawo, wannan babun ce za ta ba da shaida." Mutumin da ya rasa unguwarsa bai rasa ranar aiki ba, shi ne yau aka sallama da layi biyu a jikin bango. Ko kiransa ba a yi an gaya masa ba. Ni na karanta masa.

Na uku gajere ne. Da na faɗi waɗannan maganganu a taron sashe, mataimakinka ya ce, "Halas, an gama magana." Kashegari aka cire sunana daga masu fita, aka ba ni tebur. Ban zagi kowa ba, ban ɗaga murya ba, shaidu suna nan.

Amma ba kuka kaɗai na kawo maka ba, akwai albishir. Bayan ruwan da aka samu, ranar hutu ni da Baba Haruna muka je kwarin da motata, don kanmu. Ciyawa ta fito har inda ban taɓa ganin kore ba. Tun kafin mu yi nisa muka fara cin karo da sawun zomo, manya da ƙanana, abin da ke nuna sun yi haihuwa. A bakin tafki kuwa, muna zaune sai muka ji kukan fakara daga sama, garke bayan garke suna sauka, har alƙalamina ya kasa bin su. Dattijon nan ya cire hularsa ya riƙe a hannu, yana ta faɗin Masha Allah, hawaye na bin gemunsa. Shingen da kai da kanka ka yi faɗi-tashi aka kafa don hana masu farauta shiga da mota, ga shi ya yi amfani. Sai dai wannan fitar tamu ba ta cikin lissafin kamfani. Idan ba a fita a ƙa'ida ba kafin sanyi ya wuce, shekarar da ta fi kowace kyau ita ce za ta zama babu ita a tarihi.

Don haka ina roƙon abu uku. A mayar da ƙidayar ƙafa a lokacinta. In ana son gwada mota, a yi su tare na 'yan shekaru a ga bambancinsu, ni mai taimakawa ne. A dawo da Baba Haruna, ko da sunan mai nuna hanya ne, a haɗa shi da sababbin ma'aikata su kwashi abin da ke kansa tun yana da ƙarfin tafiya. Sannan a mayar da ni fili. In kuwa dole sai ɗaya daga cikinmu, to a ɗauke shi a bar ni a tebur.

Ina kyautata zaton takarduna ba su iso gabanka ba ne, domin ban san ka da toshe kunne ba. Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci zuriyarka, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya.

Kwantiragina zai ƙare bayan Babbar Sallah. Maiɗakina ta tambaye ni ko ta fara ɗaure kaya. Na ce mata ta dakata tukuna, Mudir bai yi magana ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Yusha'u, Waziriyya, Jidda.