Malamin Shagon Kafinta

Zuwa ga uban angona,

Warware min wannan kafin gaisuwa: wane malami ne bai taɓa buɗe littafi ba, darasinsa ɗaya tak, amma wanda ya karantar ba ya mancewa har tsufa?

To, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, kai da guduma da zarto. Ni dai ƙafa ce ke yi min tsiya, baki kuwa lafiya lau. Da aka kawo min jikana, angona, ranar hutu, na miƙa masa kwano sai ya karɓa da hagu. Na ce, "Ango, yaushe raini ya shiga tsakaninmu?" Ya cusa damar a hammata. Na fizgo ta. Yatsu sun kumbura kamar an hura su. Wai bitar jarrabawa kuke yi. Ni aji huɗu na yi a boko, amma ban taɓa jin ilimi na shiga ta gaɓar yatsa ba. Na san kai kafinta ne, sai dai yaron nan ba ƙusa ba ne.

Ka gaida surukata.
Wadda ta haife ka.

*

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa da girmamawa, tare da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Inna, ki yi haƙuri, ba mugunta ba ce. Jarrabawar shiga sakandare ta matso, kuma ba na so ya ƙare da ƙurar katako a ƙirji kamar ni. In ya taso makaranta ina zaunar da shi a bencin shago, in riƙe littafi ina tambaya. In ya amsa, mu wuce. In ya kuskure, siririn falanki a bayan hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kacici-kacicin kuwa ban samu sukuninsa ba.

Allah ya ƙara girma.
Ɗanki.

*

Inna,

Ina gaisuwa, ina neman albarka. Daga gidanmu nake rubuto miki. Jiya ɗanki ya tambayi yaron lissafin da na ji shi da kunnena yana rerawa da safe yana shara. Da yaron ya ga falanki a sama sai bakinsa ya kulle. Uban ya buga, ya sake tambaya, shiru, ya sake bugawa, har na ji ƙas kamar an karya kara. Na shiga tsakani, falankin ya sauka a goshina, jini ya rufe min ido. Likita ya ce ɗan yatsan yaron ya tsage, an ɗaure. Na taho, shi kuma ya hana ni tahowa da yaron. Yaron ya rantse ba zai taka ɗakin jarrabawa ba ko yanka shi za a yi, ga shi kwanaki sun ƙure. Inna, ke kaɗai yake jin maganarki.

Surukarki.

*

'Yata,

Sannu da goshi, Allah ya ba ki lafiya. Gyara zama ki sha labari.

Na ja ƙafata har shagon. Mijinki na goge ƙofa, angona na rakuɓe bayan tarin katako. Na ɗauki falankin, na ce wa mijin naki, "Zauna a bencin nan, miƙo hannu."

Ya ce, "Inna, maƙwabta na kallo."

Na ce, "Da kake fasa goshin matarka makafi ne?"

Na ɗora wa angona littafi a cinya. "Yau kai ne malam. Tambaye shi."

Da murya kamar ta sauro ya ce, "Bakwai sau takwas."

Babban mutum ya lissafa da leɓe, ya ce hamsin da huɗu. Na dubi malam, malam ya girgiza kai. Ƙau! Ashe hannuna bai tsufa ba. Ya tsotsi yatsu kamar mai shan zuma.

Na ce, "Wata!"

"Santimita nawa ne a mita ɗaya?"

Na ɗaga falankin sama na tsaya. 'Yata, mutumin da ke kwana da abin awo a aljihu! Idonsa na kan falanki, baki na motsi, ba abin da ke fita. Na sauke masa, gaɓa ta fashe, jini ya ɗiga a kan garin katako. Na sake ɗagawa. Sai na ji an riƙe min wuyan hannu. Angona ne, da hannun nan mai ɗauri, yana kuka.

"Kaka, bari! Baba, ɗari ne. Ka ce ɗari!"

Ya ce ɗari. Ni kuma na ce, "To, tunda ka fi son ubanka da ni matarka, koya masa, ni na gaji."

Tun ranar ajin ya juye. Yaro ke tambaya, ni da ubansa muna benci. Da gangan nake kwaɓa amsa, na ce masa kifi na haihuwa a bishiya, ya yi dariya har ya shaƙe, ya tsaya yana yi min bayani tiryan-tiryan. Duk abin da ya gyara min, ya zauna masa ke nan. Zancen komawarki kuwa, kada ki motsa sai mijinki ya zo ya durƙusa gaban iyayenki, ya dubi goshin nan da idonsa.

Uwarki.

*

Inna,

Ina gaisuwa. Yaron ya shiga jarrabawar, ya rubuta da yatsun da suka rage. Sakamako sai Allah. Na je gidan surukai, sun ce sai matata ta yi tunani.

Ranar jarrabawar ni na raka yaron har ƙofar makaranta. Na fiƙe masa fensir da wuƙata, na ɗaga hannu zan miƙa masa, sai ya sunkuya ya kare kansa da hannu biyu. Inna, fensir ne kawai a hannuna.

Ɗanki.

*

Uban angona,

Na amsa gaisuwa. Yau ka ga ɗalibin da idonka, saura malamin. Falankin shagonka ne, darasinsa tsoro. Da shi na dafa ruwan gasa ƙafata.