Kwana Goma Sha Tara Ba Na Jin Leɓena

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana, akwai 'yan garinmu a nan, wasu ma dangin mijina ne. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda ya san haƙuri kawai zai ce in yi ya riƙe abinsa, na sha shi har ya gundure ni.

Ni matar aure ce a yankin Kura, 'ya'yana huɗu, sana'ata turara shinkafa. Mijina manomin rani ne, kuma duk haushinsa da nake ji ba zan ƙi faɗar gaskiya ba, wajen gyaran fili gwani ne. Zai tsaya a bakin gona ya kanne ido ɗaya ya ce nan tudu ne nan kwari, a ja kunya a saki ruwa, ruwan ya bi ko'ina daidai. Har daga Bunkure ake zuwa ɗaukarsa. Abin ne ya hau masa kai, duk wanda ya gani da igiya da turaku yana awon fili sai ya ce makaho ne, shi idonsa ya fi ma'auni.

To ni turamen haƙorana biyu na ƙasa, ɓangaren hagu, tun ina goyon autana suka ruɓe aka cire, shekara uku ina tauna da gefe ɗaya, nama sai dai in tsotsa. Yayana da ke Kano ne ya ce ai yanzu ana dashen haƙori, a kafa wani ƙarfe kamar ƙusa a ƙashin muƙamuƙi, in ya kama a ɗora haƙori a kai. Ya kai mu wajen wata likita, ni da maigidan. Ta duba ta ce ƙashina ya zaizaye a wurin, kuma jijiyar da ke kai ji zuwa leɓe ta nan ƙasan take bi, don haka ita ba za ta huda da ƙiyasi ba. Sai an yi min sikanin, wato hoton da ke nuna ƙashi da jijiya, an tsara a kwamfuta, an ƙero wata 'yar roba da za a kifa a kan haƙorana, mai huda daidai inda ƙusar za ta shiga, da zurfinta da karkatarta, sati biyu zuwa uku ke nan. Ba ta ɓoye mana ba, ta ce da hannu ma ana yi kuma yana kyau, amma a irin bakina kuskuren da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya isa ya yi ɓarna.

Tun a mota mutumin nan ya fara, wai likitar da sai kwamfuta ta nuna mata hanya ai ba likita ba ce. Wai ga ɗan wan babansa, wanda duk dangi ke kira Dakta, shekara da shekaru yana aikin haƙori, da ido da hannu yake yi, rana ɗaya an gama. Na ce ni dai hankalina ya fi kwanciya da matar nan, ya ce ni me na sani in ban da tukunyar turara. Kada wani ya ce min tsada ya guda, Yaya ne ya ɗauki nauyin komai, girman kai ne zalla. Ni ma ga laifina, na bi shi, don kada a ce na raina danginsa.

Ranar aikin ɗan ƙaramin hoto Dakta ya ɗauka, ya ɗaga shi a hasken taga ya ce ba matsala. Yana hudar ƙashina suna hirar faɗuwar tumatir da mijina, har da dariya. Can sai na ji wani abu ya ja ni kamar lantarki har haɓata, duk da allurar da aka yi min. Na ɗaga hannu, ya ce in kwantar da hankalina, haka ake ji.

Yau kwana goma sha tara, allurar kamar ba ta sake ni ba. Rabin leɓena na ƙasa da haɓata ba na jin su, in na taɓa kamar fatar wani nake taɓawa. Shayi ya ƙona ni ban sani ba sai da na ga wurin ya tashi a madubi. Na je suna a maƙwabta, ina shan kunu ina ta zuba surutu, ashe yana bin haɓata yana ɗiga a mayafi, sai da matar gidan ta matso ta goge min kamar yarinya, mata suna ta kawar da kai. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, tun daga nan ban ƙara cin abinci a gaban kowa ba, har 'ya'yana. Na kira Dakta ya fi sau biyar, kullum sai ya ce leɓen zai sake, zai sake, in sha bitamin. Mijina kuwa cewa yake raki ne ya yi min yawa.

Shekaranjiya na nemi izinin zuwa duba matar Yaya da ta haihu. Yaya yana ganin bakina ya ɗauki mukullin mota, sai wajen likitar farko. Aka yi sikanin ɗin da aka ƙi yi tun farko, ta juyo min da allon na gani da idona, cikin ƙusoshi biyun da Dakta ya kafa, ta baya ta karkace ta wuce zurfi, kanta yana danne da jijiyar. Ba ta zagi kowa ba, ta ce dai a cire ta da gaggawa, an riga an makara, kuma duk ranar da ta ƙaru fatan dawowar ji yana raguwa, ko an cire ma ba ta yi min alkawari ba. Ta ba ni Alhamis ƙarfe tara na safe.

Na dawo na faɗa masa, gidan kamar zai kama da wuta. Wai na ci amanarsa, na nemi izinin barka na je tona wa ɗan uwansa asiri, wai in aka cire ƙusar nan me zai ce wa wan babansa, da wane ido zai shiga taron dangi. Na ce ni da wane baki zan shiga? Ya ce ƙaddara ce in karɓa, kuma in na taka ƙofar gidan nan ranar Alhamis, in wuce gidanmu kawai kada in dawo.

Abin da ya sa na kasa haɗiye wannan magana shi ne abin da ya faru jiya da hantsi. Ya shigo da ƙunshin igiya da turaku da doguwar tiyo fara irin wadda magina ke awo da ita, ya ce in cika ta da ruwa in zuba bula don a riƙa ganin inda ruwan ya tsaya. Ashe sabon filin da ya karɓa a wajen Bunkure ne, ya gyara da ido, ruwa ya ƙi kaiwa kusurwa ɗaya, shi ne ya ɗauko magini a babur za su je su auna. Na cika masa, na miƙa masa, na ce, "Malam, kai ma makantar ta zo ke nan?"

Ko kallona bai yi ba, yana naɗe igiya ya ce, "Ke wannan ai shinkafa ce, in aka kuskure an yi asarar shekara."

Na tsane shi a lokacin nan, na faɗa kuma ba na janyewa. Shekara goma sha shida ina turara abin da yake nomawa, ashe buhun ya fi ni daraja.

Yaya ya ce zai turo mota ranar Alhamis da sassafe, in na ga dama in shiga. Ban taɓa fita ba izininsa ba, kuma autana shekararsa uku da rabi. Malamai da likitocin zauren nan, da matan da suka san zaman aure, ku faɗa min gaskiya ko da ɗaci. In shiga motar nan in ceci abin da ya rage na leɓena, ko in zauna in riƙe auren mutumin da ya auna gonarsa ya hana a auna bakina? Gobe Laraba.