Ƙorafi Kan Juya Kyamarar Dandalin Vaurelac

Zuwa ga:
Mai Girma Magajin Garin Vaurelac,
Ƙasar Faransa.

Daga:
Alhaji Nasidi Ɗalhatu,
Unguwar Old Airport, Doha, Qatar.

14 ga Oktoba, 2024.

Game da: Juya kyamarar dandali da ɓacewar maƙwabcina.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa. Ni dattijo ne, ina zaune a gidan ɗana Injiniya Mansur. Ban taɓa taka Faransa ba. Amma tun 3 ga Maris, 2021, da ya nuna mini kyamarar da ke haska dandalin ƙauyenku a waya, kullum ina can daga hantsi zuwa azahar. Saboda haka ina magana ne a matsayin ɗan gari.

1. A shafinku na ga mutanen gari sun ragu daga 143 zuwa 96. Ni a dandali ban taɓa ƙirga sama da goma sha ɗaya ba, har da kare. Ba a yi mini bayanin inda sauran suke ba.

2. An rufe gidan burodi ba sanarwa. Baƙin da suka zo daga birni da kekuna sun mayar da shi wurin da ake shimfiɗa tabarma ana miƙe ƙafa sama. Ba na ƙin baƙi, ni ma baƙo ne a nan. Amma ba sa gaida kowa.

3. Wannan shi ne babba. Akwai wani dattijo mai baƙar hula da ke zama a bencin gindin bishiya da ƙarfe tara agogonku. Shekara uku muna zama tare. In ya ɗaga hula don sosa kai, nakan amsa. Ranar 2 ga Oktoba na ga yana jan ƙafar hagu. Ranar 3 bai fito ba, haka ranar 4.

4. Ranar 5 ga Oktoba aka juya kyamarar zuwa sabon wurin ajiye motocin baƙi. Yau kwana tara ina kallon motoci. Ranka ya daɗe, mota akwai ta a Doha.

Don haka ina roƙon ofishinka da ya mayar da kyamarar kan benci, ya kuma tura mutum ya ƙwanƙwasa ƙofar dattijon, ita ce shuɗiya ta kusa da famfo. In ciwo ne, a ce ina yi masa sannu. In kuwa ta Allah ta kasance, kada a ɓoye mini don tsufana. A aiko mini da sunansa da na wanda ya bari, domin ban san wa zan yi wa ta'aziyya ba, ban kuma san ta wa zan ce na zo ba.

Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,
Alhaji Nasidi Ɗalhatu