Inna, na shiga gidan Kawu da jinin ƙarya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwarsa, ina fata Allah ya sa kina cikin rahama a inda kike kwance. Na san ba za ki karanta ba. Rubutun nawa ma ba na kirki ba ne, kin san inda na tsaya a makaranta. Amma na yi wani abu, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Wata biyu ke nan ina Jos, gidan ƙaninki Kawu Sale a Gangare. Ya riƙe ni da kyau. Tun da ya bar soja, gyaran keken ɗinki yake yi a zaure. Ba ya yawan magana.

Kin tuna in zai zo mana hutu, kina cewa, "Kada wanda ya buga ƙofa, kada wanda ya taɓa shi ta baya." Ni na ɗauka ladabi kike koya mana. Ba ki taɓa faɗin dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Inna, na samu aiki a fim. Wani maƙwabcinmu ne ya kai ni Naraguta, bakin tafkunan kuza, inda ake ɗaukar fim ɗin yaƙi. Wai tsohon fim ne, suna sake shi da sababbin mutane. Na tambayi ogan fim ɗin, tunda an riga an yi, me za a sake? Ya ce, "Malam, na farko ba su iya mutuwa ba." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma ban gane ba.

Aikina in ruga, a yi ƙara, in faɗi. Sun ba ni kakin soja, suka zuba mini jini a ƙirji. Zoɓo ne aka dama da sitaci. Sau bakwai na mutu ranar. Oga ya ce ran Asabar za su nuna fuskata sosai, don na fi kowa iya faɗuwa.

Murna ta hana ni canza kaya. Na ce bari Kawu ya gan ni, soja ya ga soja. Wallahi, Inna, so nake ya yi alfahari da ni.

Da la'asar na yi sallama a zaure. Ya ɗago kai. Ban san lokacin da ya taso ba, sai na ji ni a ƙasa. Ya yage rigar, ya danne ƙirjina da hannu biyu, yana lalube, yana cewa, "Bulus, dube ni! Kada ka rufe ido! Mota na zuwa!" Ina cewa Kawu ni ne Isa, ba ya ji. Mutanen layi suka cika ƙofa.

Can sai ya tsaya. Ya kai hannunsa hanci ya shinshina. Ya tashi ya ɗauki buta ya wanke hannu, ya daɗe yana wankewa. Ko zagi ɗaya bai yi mini ba. Da ma dukana ya yi.

Matarsa, Anti Ladi, ita ta gaya mini. Bulus abokinsa ne a soja, ɗan garin Kuru, nan kusa da Jos. A hannunsa ya cika, motar ba ta zo ba. Ta ce, "Kai kuma, ɗan fim, duk gidajen Jos ka rasa inda za ka kai gawarka sai nan?" Tana faɗa tana kuka.

Kwana uku yana amsa gaisuwata ba ya kallona. Na ɗaure kayana, ina jira ya ce in koma ƙauye.

Abin da nake ta tunani, mu a can wajen fim in oga ya ce kat, wato a tsaya, sai mu tashi mu kakkaɓe jiki, a raba shinkafa. Shi kuwa shekara nawa yana maimaita ranar nan guda, ba mai ce masa ya isa. Ke kin sani, ko Inna? Ke kaɗai kika riƙe abin a ranki, kika bar mu muna wasanmu.

Yau da safe ya kira ni. Ya ce duk wata yana zuwa Kuru gai da uwar Bulus, ran Asabar in raka shi. Ya ce, "Ka sa kayanka na kanka." Wannan karon ya kalle ni.

Na aika wa oga ya nemi wani. Rigar tasu na ɗinke, zan mayar.

Ban san me ake ce wa uwar da ɗanta bai dawo ba. Da kina nan da kin koya mini. Zan dai durƙusa in gaishe ta yadda nake gaishe ki.

Allah ya haskaka kabarinki, Inna. Allah ya sanyaya zuciyar tsohuwar nan ta Kuru. Allah ya sauke wa ƙaninki abin da yake ɗauke da shi, ni kuma ya ba ni hankali.

Ɗanki,
Isa